Tanti Fassuma da Tagar da Ke Zuwa Kowace Safiya

Kafin in fara, ya kamata in faɗi cewa shekaru sun ɗan shiga tsakanina da waɗannan abubuwa, kuma ni mutum ne da ko abin da ya faru jiya sai na tambayi wani kafin in amince da kaina. Wasu ranakun sun narke cikin juna. Akwai abin da nake gani da hasken rani, alhali mai yiwuwa da damina aka yi shi. Ku da kuka yi aiki da Tanti Fassuma a Tanut kun fi ni daɗewa da ita. Ni shekara biyu kawai na yi a gefen teburinta, lokacin da aka turo ni bautar ƙasa bayan na gama jami'a. Amma tun da an ce kowa ya rubuta abin da ya tuna, ga nawa. Labarin yadda takardar shaidata, wadda duk aikin da nake yi yau ya rataya a kanta, ta kusa maƙalewa tsakanin hatimin Tanti da wata ƴar taga ta kwamfuta ne.

Abin da ba na shakka a kansa shi ne rajistar. Babban littafi ne mai baƙin bango, wanda take kira kuriye. Tanti ita ce sakatariyar ofishinmu tun kafin a haife ni, kuma dokarta guda ce. Duk abin da ya shigo ta ƙofar nan saƙo ne. Saƙo kuwa sai an ba shi lamba, an rubuta ranar zuwansa da wanda ya aiko da abin da yake so, an buga masa hatimi, an kai wa Darakta ya rubuta cewa ya gani. Kafin a yi haka, a wurinta abin bai iso ba, ko da kuwa yana tsaye a gabanta yana numfashi.

Ni kaina ta haka na shiga. Ranar da na iso da takardar turo ni, ta karɓa, ta karanta har ƙasa, ta shigar da ita rajista, sannan a gurbin da ake rubuta abin da aka haɗo da wasiƙa ta sa: saurayi ɗaya, mai lisans. Darakta, Malam Lawali, ya tafi Gangara a ranar, saboda haka ta nuna mini benci. Na tambaye ta cikin ladabi ko zan iya leƙa ɗakin da zan zauna kafin ya dawo. Ta ce takardar ma ba a gan ta ba tukuna, balle abin da aka maƙala mata. A bencin nan na wuni. Da azahar ta zuba mini rabin furarta, ta ce wannan ba harkar ofis ba ce, tsakaninta da uwata ne, ko da yake ba ta taɓa ganin uwata ba. Daga ranar sunana ya koma Lisans, wato sunan digirina na jami'a, kuma ina jin akwai waɗanda har yau ba su san Sanusi nake ba.

Wataƙila wasunku sun tuna goron nan da wani mai gari daga wajen Olelewa ya aiko da shi tare da takardar gayyatar ɗaurin aure. Ya iso Darakta yana rangadi a Belbeji. Tanti ta yi wa takardar lamba, ta ƙulle goron a cikin tsumman buhu, ta ajiye a saman kabad. Kwana tara, in ban yi kuskure ba, tana yayyafa masa ruwa kowace safiya kamar mai renon shuka. Direbanmu Agali, wanda ba ya iya wuni bai ci goro ba, yakan tsaya a ƙarƙashin kabad ɗin yana kallon sama. Ya roƙe ta ko ɓari guda ne. Ta ce masa goron hukuma ne har sai an gani. Da Darakta ya dawo an riga an ɗaura auren, amarya ma ta tare. Ya rubuta ya gani, ta sauko da goron yana nan jajir kamar ranar da aka ciro shi, ta raba bisa muƙami. Ni ɓari na samu.

To, sai kwamfutar. Wani shiri na taimako ne ya bar wa ofishin ita da ya ƙare aikinsa, tsohuwa ce tun a lokacin, kuma a teburin Tanti aka ajiye ta. Kafin zuwana wani mai gyara ya taɓa zuwa daga Damagaram ya ce zai sa ta riƙa tashi da sauri. Ya shiga cikin tsarinta, ya kashe wasu abubuwan da ke tashi tare da ita, ya sha shayi, ya koma. A iya sanina ba ta ƙara sauri ba. Amma tun daga ranar, duk lokacin da aka kunna ta, kafin a taɓa komai sai wata ƴar taga mai ruwan toka ta fito a tsakiyar allo. Da Faransanci take magana. Tana cewa an sauya yadda na'urar ke tashi, tana neman a duba, in an danna mata kuma sai ta buɗe wata babba cike da layukan da ba wanda ya san kansu. A can ƙasa akwai wani ɗan gurbi mai kusurwa huɗu, a gefensa an rubuta cewa kada a sake nuna wannan. Alama guda za a sa a gurbin nan, an rabu har abada.

Rubutu ne, ya iso ofis, yana neman a yi wani abu. Tanti ba ta buƙatar fiye da haka.

Har yanzu in na rufe ido ina ganin safiyoyin nan. Haske yana shigowa siriri ta tsagar ƙyauren taga, ana jin garken shanu yana wucewa ta bayan katanga zuwa rijiya, kurciya tana kuka a kan bishiyar bedin tsakar gida. Tanti za ta yaye zanen atamfar da ta ɗinka wa na'urar, ta ninke shi huɗu, ta danna, ta sa tabarau. Na'urar za ta yi ta gurnani a hankali kamar raƙumin da ake so ya tashi. Ita kuwa ta harɗe hannu tana jira, fuskarta a sake. In tagar ta fito sai ta ɗan gyaɗa kai, irin gyaɗawar da ake yi wa wanda ya cika alkawari. Sannan ta ɗauko wata ƴar takarda, daga tsofaffin takardun cikewa da take yankawa huɗu tana rubutu a bayansu, don ba ta yarda da ɓarna, ta kwafe saƙon kalma bayan kalma da rubutunta mai kwanciya. Ta ba shi lamba. A gurbin mai aikowa takan rubuta: ba a sani ba tukuna. Ta buga hatimi, ta sa a dosiye, wato fayil, ta kai wa Darakta. Sai ya rubuta ya gani za ta dawo ta rufe tagar a fara aikin ranar.

A makona na farko Malam Lawali ya kira ni ɗakinsa ya rufe ƙofa. Ya buɗe wani kabad ya nuna mini ɗaurin ƴan takardun nan, an ɗaɗɗaure su da zare wata bayan wata. Ya ce duk shi ya sa musu hannu. Ya ce har a mafarki tagar nan take fito masa, kuma a mafarkin ma sai ya nemi alƙalami. Tun da an ce ni mai lisans ne a ilimin na'ura, in raba shi da ita.

"Kana da shekara biyu," ya ce. "In ka tashi tafiya tana nan, kada ka kawo mini takardar shaida. Hannuna ya gaji."

Na yi dariya kaɗan don na ɗauka raha ce. Shi bai yi ba.

Na tambaye shi, cikin taka-tsantsan, me ya hana shi ba Tanti umurni. Ya ce ya bayar sau ba adadi, tana ce masa maganar baki ba ta da lamba, ya rubuto. Shi kuwa ba zai sa sunansa a takardar korar taga ba, wata rana masu bincike su karanta a yi masa dariya har Yamai. Daga baya na gane akwai wani abu kuma. Lokacin da Malam Lawali ya zo ofishin nan yana saurayi ɗan koyon aiki, Tanti ce ta koya masa yadda ake ninke wasiƙa. A gaban mutane tana ce masa Mushe Darakta, wato Yallaɓai Darakta a Faransance, har da ɗan rusunawa. In sun keɓe, Lawali ne kawai.

Ga inda na tsinci kaina ke nan. Sa hannu yana wurinsa, hatimi yana cikin aljihun teburinta, takardar shaida kuwa ba ta zama takarda sai da duka biyun.

Na fara da bayani. Na ce mata wannan ba mutum ba ne, na'urar ce ke magana da kanta. Ta ce to ai an samu ci gaba, an san mai aikowa, amma ba za ta rubuta ba sai na kawo hujja a rubuce. Na rubuto shafi biyu. Ta yi musu lamba, ta kai wa Darakta, ya rubuta ya gani, ta adana. Washegari ta kwafe tagar kamar kullum.

Da bazara abin ya fi tsanani, saboda wutar lantarki tana ɗaukewa tana dawowa, kuma duk dawowarta sai an sake kunna na'urar. Akwai ranar da tagar ta zo sau bakwai, ko shida, Agali zai fi ni riƙewa don shi ya riƙa kai dosiyen. Na biyu ta rubuta masa tunatarwa ta farko, na uku tunatarwa ta biyu, haka har la'asar. Darakta ya fito da gumi ya jiƙa masa riga, ya tsaya a bakin ƙofarsa. Tanti ta dube shi ta saman tabarau ta ce, "Mutumin nan ya matsu, Mushe Darakta. Kuma mu ne ba mu kyauta ba."

A ranar ta yanke shawarar a nemi amsa. Ba ta buga wasiƙar a kwamfuta ba, ta ce ba a sa mai ƙara ya rubuta hukuncinsa. Ta sauko da tsohuwar na'urar buga rubutunta daga saman kabad, ta share ta, ta rubuta wa manyanmu na Damagaram tana neman a sanar da mu wane ne mai aiko da wannan saƙo, da abin da ya dace a amsa masa. Darakta ya sa hannu bai karanta ba, ina zaton ya ɗauka tunatarwa ta bakwai ce. Agali ya kai. Mun manta da zancen, sai ga amsa bayan wajen wata biyu, daga hannun wata sakatariya sa'arta da suka yi makaranta tare. Ta ce wasiƙarmu ta iso, an ba ta lamba, su ma sun taɓa samun irin wannan baƙo a wani ofishinsu, kuma ana nazarin lamarin. Ban taɓa ganin Tanti cikin farin ciki irin na ranar ba. Ta shinshina ambulan ɗin kafin ta buɗe. Ta saya wa kowa ƙosai.

Za ku ce me ya hana ni sa alamar a ɓoye. Na yi tunanin haka kusan kullum. Tanti takan cire linzamin na'urar, wanda muke kira suri, ta kulle shi tare da hatimi duk lokacin da za ta tashi, ko alwala za ta je. Amma ni na san ana iya yi da madannan rubutu kawai, ba sai da shi ba. Wata rana da tsakar rana, kowa ya tafi cin abinci, na lallaɓa na yaye zanen na kunna. Tagar ta fito. Na kai yatsana kan madanni. Ofis shiru, sai ƙuda guda yana bugun gilashi. Na tsaya ina kallon ɗan gurbin nan har ya fara yi mini kamar ido. Sai jaki ya yi kuka a waje, na zabura na kashe komai. A hanyar gida na gane abin da na yi ya fi muni: na sa saƙo ya iso ofis ba a yi masa lamba ba. Da safe na faɗa mata. Ba ta yi faɗa ba. Ta buɗe rajista ta shigar da shi a makare, a gefen layin ta rubuta: ya iso ba na nan, Lisans ya gani, bai faɗa ba sai yau.

Haka shekara biyu ta wuce ina cewa gobe. Sai aka buɗe konkur, jarrabawar ɗaukar ma'aikata da muka daɗe muna jira, wadda ba wanda ya san yaushe za a sake buɗe irinta. Dosiyena ya cika, saura takardar shaidar gama bautar ƙasa. Ran Juma'a ake rufe karɓa a Damagaram, motar Agali kuma ran Alhamis da safe za ta tafi. Ran Litinin na kai wa Malam Lawali takardar. Ya dube ta, ya tura mini ita da yatsa guda, ya tambaye ni ko yau da safe ya sa hannu a wata ƴar takarda ko bai sa ba. Na ce ya sa. Ya ce to.

Ran Talata bayan la'asar na tafi gidan Tanti. Ban taɓa zuwa ba. Na same ta a tabarma a inuwar katanga tana tsinkar zogale, awakinta biyu suna miƙo wuya. Ba tabarau, ba ɗaurin kallabin ofis, sai na ga ashe ƴar ƙaramar tsohuwa ce. Na gaishe ta, na sha ruwa, na soma. Na yi bayanin da na daɗe ina shiryawa, tun daga mai gyaran Damagaram har zuwa ɗan gurbin, na ce alama guda ce, ba abin da zai lalace, ba wanda za a ɓata wa rai. Na ce mai yiwuwa, ban dai tabbata ba, rubutun gefen gurbin ya yi ƙanƙanta shi ya sa ba a lura da shi ba. Ta bar ni na kai ƙarshe tana tsinkar ganyenta.

"Lisans," ta ce, "layin nan na ƙasa, sau nawa kake jin na kwafe shi da hannuna?"

Ta ci gaba da tsinkarta, ta ƙara da cewa:

"Tun ranar farko na san abin da gurbin yake yi. Faransancina ya girmi na Daraktanka."

Sai ta shiga ba ni labarin shekarun baya, ba tare da ta dube ni ba. Ta ce a zamanin da ta fara aiki, motar wasiƙu takan iso daga Damagaram sau ɗaya a mako, ana jin ƙuginta tun tana nesa, mutane su tsaya a bakin hanya. Buhu guda ake kawo wa ofishinmu. Ta ce tana iya gane ofishin da ya aiko da takarda daga yadda aka ninke ta, tana iya gane wanda ya buga ta yana fushi daga yadda harafi ya huda takardar. Akwai wani maga-takarda a wajen Tarka da suka shekara goma suna musayar wasiƙun aiki, ba su taɓa haɗuwa ba, amma ranar da wata wasiƙa ta zo da ninkin da ba nasa ba, ta san ya rasu kafin a faɗa. Makiyaya kan zo da takardar da ta kwana cikin rawani har ta ɗauki ƙamshin mutum. Ta ce hannunta kan yi ciwo da yamma saboda buga hatimi, kuma ciwon yana da daɗi.

Rana ta yi ƙasa, inuwar ta kai har bakin ƙofa. Na kawo zancen konkur. Ta ce ta sani, ai ita ta yi wa sanarwar lamba. Ta ce gobe in zo da wuri in buɗe rajistar in duba mata wa da wa suka rubuto mana bana. Ta ƙulla mini zogale a leda in kai gida.

Ran Laraba na riga kowa zuwa. Ta bar mini rajistar a kan teburi, abin da ba ta taɓa yi ba. Na fara daga farkon shekara. Ba a sani ba tukuna. Ba a sani ba tukuna. Shafi bayan shafi, rubutu ɗaya, mai aikowa ɗaya. Can sai ka ga gayyatar suna, can wata kalanda da wani shiri ya aiko, can sanarwar konkur ɗina. Sauran duk tagar ce. Shekara biyu ina zaune a ɗakin nan ban lura ba cewa takardun aiki sun daina shigowa ta ƙofa. Hoto ake ɗauka a turo wa Darakta a wayarsa, ya amsa da murya yana tafiya. Na rufe littafin na zauna. Ina ganin a lokacin na yanke shawarar in haƙura da konkur ɗin. Ina so in ce na yanke, amma gaskiya ban sani ba, mai yiwuwa daga baya na ƙara wa kaina wannan don in ji daɗi.

Ko ma dai yaya ne, ba a jira ni ba. Tanti ta shigo, ta yaye zane, tagar ta zo, ta kwafe ta. Da za ta kai dosiyen sai ta ce in biyo ta. A ƙarƙashin ƴar takardar safiya akwai wata cikakkiyar takarda da ta buga da tsohuwar na'urarta: umurnin Darakta cewa an kammala nazarin saƙon da ke zuwa kowace safiya, a rufe batun, sakatariya ta aiwatar. Ta bar masa gurbin sa hannu. Malam Lawali ya karanta, wannan karon har ƙasa. Ya buɗe baki, ina jin zancen dariyar Yamai zai kawo. Ta ce, "Lawali." A gabana ta faɗa. Ya sa hannu.

Na ɗauka an gama. Ina! Ta ce takardar tana cikin ofis, ba ta iso ba, dole ta shigo ta ƙofa kamar kowane saƙo. Ta sa ta a ambulan ta liƙe, aka kira Agali. Agali ya ce shi direba ne, ba ya kai saƙon hukuma da ƙafa. Ya tada motar ofis, ya fita ta ƙofar baya, muna jin ƙuginta ya yi nisa ta wajen kasuwa ya ɓace. Mu uku muka tsaya muna kallon ƙofa. Bayan kamar minti goma ƙugin ya dawo daga nesa, yana ƙaruwa a hankali, na ga Tanti ta ɗan karkata kai tana saurare. Ya tsaya, ya yi ham, ya shigo da sallama yana kaɗe riga.

Ta tambaye shi daga ina. Ya ce daga wurin Darakta. Darakta yana tsaye a bayanta.

"Hanya lafiya?"

"Lafiya lau, Tanti, sai rairayi."

Ta yi wa takardar lamba, ta buga hatimi, ta miƙa wa Malam Lawali ya rubuta ya ga takardar da shi ya aiko. Sannan ta zauna gaban na'urar. Tagar tana nan tun safe, ba ta rufe ta ba. Na matso in taimaka, ta ɗaga mini hannu. Hannunta bai saba da ƙananan wurare ba, sau biyu tana wuce gurbin. A na uku ta yi bismilla ta danna. Ta ce a kashe a sake kunnawa, don ba a rubuta an aiwatar sai an tabbatar.

Na'urar ta yi gurnaninta. Allo ya haska. Ba abin da ya fito. Tanti ta ci gaba da zama hannu a harɗe, ba mu motsa ba, har aka ji shanun sun dawo daga rijiya. Ina jin ta ba mai aiko da saƙon lokaci ne, ko ya makara a hanya.

Sai ta cire tabarau ta ce in kawo takardata. Darakta ya sa hannu a tsaye. Ta hura wa hatimin iska, ta ɗora shi, ta danna da hannu biyu har teburin ya yi ƙara.

"Tafi ka ci jarrabawar," ta ce. "Kada ka sa in sallami baƙona a banza."

Na ci, Alhamdu lillahi. Aka tura ni nesa, can yamma. Tun a motar Agali ran Alhamis ɗin nan na yi niyyar zan rubuta mata wasiƙa ta gaske, a takarda, mai ambulan, ta shigo mata ta ƙofa. Na sayi ambulan ɗin a makon farko. Amma na san za ta karanta har ƙasa, sai na kasa gamsuwa da gaisuwar buɗewa. In na gyara ta sai in ga tsakiyar ta yi tsawo. Na yi tunanin ko Hausa ta fi dacewa ko Faransanci, na rubuta duka biyun, na ajiye in sake dubawa. Na ji ta yi ritaya, na ce to sai in sauya adireshi da wasu layuka. Ina cikin gyara, bayan girbin bara, Agali ya kira ni a waya ya ce ta kwanta kwana uku, Allah ya yi mata rasuwa da hantsi.

Allah ya jiƙan Tanti Fassuma, ya yafe mata, ya haskaka kabarinta. Yadda ba ta taɓa mai da wanda ya zo ƙofarta ba, Allah kada ya mai da ita. Ya ba ƴaƴanta da jikokinta haƙuri, mu kuma da muka ci furarta ya sa mu cika da imani.

Duk inda na karkace a cikin wannan, wanda ya fi ni sani ya gyara mini, ba zan ji haushi ba. Amma akwai abu guda da na fi so in ji. Da na je ta'aziyya, Agali ya rantse mini cewa ƴan watanni bayan tafiyata ya shigo da sassafe ya ga tagar ta dawo, Tanti tana kwafe ta, ba ta kai wa kowa ba. Malam Lawali ya ce ba a yi haka ba, Agali ba ya bambanta kwamfuta da talabijin. A iya sanina tagar ba ta dawowa sai wani ya shiga cikin tsarin na'urar da hannunsa ya taɓa wani abu, kuma ban tuna na taɓa nuna mata hanyar ba, ko da yake ba zan rantse ba. In akwai wanda ya gani da idonsa, don Allah ya faɗa mini. In ma ba ta dawo ba, ku faɗa mini hakan. Ina jin zan iya ɗauka.